Tarihin Awon Tudu Da Kwari A Yammacin Zamfara

Anka da Bukkuyum da Gummi garuruwa ne uku na yammacin ƙasar Zamfara, dukansu kuwa Gulbin Zamfara su ke sha. A Anka Sarkin Zamfara ya ke zaune, a Bukkuyum Sarkin Danko, a Gummi kuwa Sarkin Mafara. A zamanin Turawa ƙasashen nan uku suna cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, yau kuwa suna cikin Jihar Zamfara, wadda aka kafa ran 1 ga Oktoba, 1996.

Ƙasar ta gangara ne daga gabas zuwa yamma, amma gangaren a hankali ya ke, har matafiyi ba ya jinsa a ƙafa tasa. Gulbi shi ya ke nuna shi, don ya kan bi ta wajen Anka, ya wuce Bukkuyum, ya sauka Gummi, sa'an nan ya tafi ya haɗu da Gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi. A irin wannan ƙasa tambayoyi biyu ba su rabuwa da jama'a. Ta fari, ina iyakar wuri kaza ta tsaya? Ta biyu, wane wuri ya fi wane tudu? Amsar ta fari ita ke raba gardamar gona. Amsar ta biyu ita ke nuna gidan da ruwa zai ci da wanda zai bari. Yau na'urar da ke sauraron taurarin ɗan Adam tana amsa duka biyu nan take, amma ta fi gwaninta ga ta fari, kuskurenta a ta biyu kuwa ya kan koma ya ɓata ta farin. Kafin a fahimci dalilin haka sai an koma baya, an ga yadda aka faro awon.

Awon Mutanen Da

Mutanen da ba su da taswira, amma ba su jahilci ƙasarsu ba. Iyakar gona a kan shaida ta da layin gamba, ko kuka, ko tsamiya, ko suri, dattawan unguwa kuma su ne littafin ajiyar. Nisa a kan ƙidaya shi da zango, ko a ce tafiyar hantsi, ko tafiyar yini. Tudu da kwari kuwa ruwa ne malaminsu. Inda ya kwanta bayan an ɗauke sama, nan ne kwari, inda ya zurare ya bari, nan ne jigawa. Manomin fadama ya san shekarar da gulbi ya kawo gindin giginya kaza, ya kuma gaya wa ɗansa. Fatake masu tafiyar dare suna duban taurari su gane gabas, manoma suna duban Kaza Da 'Ya'yanta su san matsowar damina.

Cikin watan Maris, 1824, wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi, ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Yana ɗauke da wani ƙarfe mai madubai na auna tsawon rana da taurari daga gefen sama, da shi ya ke gane ko wuri ya yi arewa ko kudu da misalin kaza. Ya nuna wa Bello kayan nan da taswirar taurari, ya tarar Sarkin ya san burujai da sunayen taurari da yawa da Larabci. Bello kuma ya sa aka zana masa taswirar ƙasa da gulabe, wadda aka buga a Ingila cikin 1826. Tsawon ƙasa bisa teku kuwa, matafiyan zamanin nan da nauyin iska su ke ƙiyasta shi, ko kuwa su tafasa ruwa su auna zafinsa, don ruwa ya fi saurin tafasa a kan tudu. Wannan awo ya kan yi kuskure mai yawa, domin nauyin iska yana sākewa da safe da maraice, da rani da damina. Watau tun farkon al'amari sanin tudu ya fi sanin wuri wuya.

Taki Da Safiyo

Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris, 1903. Ba a daɗe ba aka shiga shata iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi iyakar tun daga Kwara har Tafkin Cadi, suka kafa alamu 148. Su ma da taurari suka yi aiki, da agogo. Agogon shi ne wuyar aikin, don duniya tana juyawa, in agogo ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya tak, sai wuri ya goce gabas ko yamma da misalin mita 450. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta agogo, za ta sake dawowa nan gaba.

A cikin gida kuwa aka shigo da taki saboda haraji. Malaman taki na En'e su kan bi gonaki suna takawa, tsawo da faɗi, su rubuta a littafi, a fitar da eka, a yanka wa mai gona abin da zai biya. Awon taki yana da aibi a fili. Takin dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba, takin safe ba ɗaya ya ke da na azahar ba, gonar da ke kan gangare kuma ta kan fi cin taki bisa ga faɗinta na gaskiya a taswira. Ga shi nan tun a lokacin tudu ya fara ɓata awon faɗi.

Ma'aikatan safiyo na Gwamnati su ne suka zo da awo mai ƙarfi. Suka zaɓi wani wuri kusa da Minna, suka sa masa lamba L40, suka ce daga nan za a riƙa ƙidayar ko wane wuri a Nijeriya. Daga nan suka riƙa hawa duwatsu suna kafa turaku na siminti, suna hangen wannan dutse daga wancan, suna auna kusurwa, har suka saƙa ƙasa duka da layuka masu kusurwa uku. Awon tudu kuwa daban aka yi shi. Aka ɗauki matsakaicin tsawon ruwan teku a Ikko aka ce shi ne sifiri. Sa'an nan mutum ɗaya ya riƙe sanda mai lambobi, wani ya leƙa ta madubi mai ƙafa uku, su rubuta, su matsa gaba kaɗan, su sake. Haka aka bi hanyar jirgin ƙasa da manyan hanyoyin mota, mil bayan mil, ana barin alama a gada ko a dutse. Aiki ne mai cin shekaru, amma kuskurensa ɗan kaɗan ne ƙwarai, sannu ba ta hana zuwa. Da aka shiga haƙar zinariya sosai a Lardin Sakkwato cikin shekarun 1930, ko wane fili da aka ba mai haƙa sai an auna shi an kafa masa turaku. Daga baya, a shekarun 1950 da 1960, jiragen sama suka ɗauki hoton ƙasa, aka buga taswirori masu layukan da ke nuna tudu da kwari.

Zuwan Taurarin Ɗan Adam

Ran 4 ga Oktoba, 1957, Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na fari. Masana a Amurka suka saurari kukansa ta rediyo, suka gane daga sākewar muryar za a iya sanin inda ya ke. Sai suka juya lissafin: in an san inda tauraro ya ke, ashe mai saurare zai iya sanin inda shi kansa ya ke tsaye. Da haka sojan ruwan Amurka suka kafa wani tsari mai suna Transit, ya fara aiki cikin 1964. Amma wannan tsari ba ya gaya wa mutum tsawonsa bisa teku, sai dai mutum ya gaya masa. Ga jirgin ruwa wannan ba wuya, tun da yana kan teku. Ga mai aiki a tudu kuwa, in ya ba na'ura tsawon da ba daidai ba, sai ta ajiye shi gabas ko yamma da inda ya ke.

Tsarin da ya gaje shi shi ne GPS. An harba tauraronsa na fari cikin 1978, aka cika shi cikin 1995 da taurari 24. Suna shawagi misalin kilomita 20,200 bisa ƙasa, ko wanne yana kewaya duniya sau biyu a yini da kwana. Da fari Gwamnatin Amurka tana gurɓata saƙon da gangan ga wanda ba soja ba, har kuskure ya kan kai mita 100. Cikin Mayu, 2000, aka bar yin haka. Rasha tana da nata tsari, GLONASS, ƙasashen Turai suna da Galileo, Sin tana da BeiDou, wayoyin hannu na yanzu kuwa yawancinsu suna sauraron fiye da ɗaya.

Ga yadda abin ya ke aiki. Ko wane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidai, yana ta shelar sunansa da inda ya ke da lokacin da ya yi magana. Saƙon yana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Na'ura ta duba lokacin da saƙon ya iso, ta fitar da nisan tauraron. To, agogon na'ura ɗan araha ne, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuwa mita 300 ne. Sabo da haka abubuwa huɗu na'ura ta ke nema a lokaci guda: gabas da yamma, kudu da arewa, tudu, da kuma gyaran agogonta. Abu huɗu sai da taurari huɗu, in sun fi haka ya fi kyau.

Abin Da Ya Sa Tudu Ya Ke Ba Ta Wuya

Dalili na fari shi ne taurarin duk a sama su ke. In tauraron gabas ya yi kuskure, akwai na yamma da zai tsare shi, in na arewa ya yi, akwai na kudu. Amma ba tauraron da a ke ji daga ƙarƙashin ƙafa, don ƙasa ta tare. Kamar rumfa ce da aka ɗaure da igiyoyi ta ko wane gefe, ba ta karkata dama ko hagu, amma tana iya ɗagawa ta sauka. Har wa yau kuskuren agogo da kuskuren tudu sun yi kama. In agogon na'ura ya yi gaba, sai taurari duka su yi kamar sun ƙara nisa, in mutum ya sauka rami ma haka za su yi. Na'ura ba ta iya rarrabe su sarai sai da taurarin da ke ƙasa-ƙasa kusa da gefen sama.

Nan kuma dalili na biyu ya shigo. Saƙon tauraron da ke tsakar ka yana ratsa iska ta gajeriyar hanya, jinkirin da iskar ƙasa ta ke sa masa bai wuce misalin mita biyu da rabi ba. Na tauraron da ke gefen sama kuwa yana ratsa ta a karkace, jinkirin ya kan ninka har sau goma. Shi ya sa ma'aikatan safiyo su kan hana na'ura sauraron tauraron da bai ɗaga digiri 10 ko 15 ba. Ke nan taurarin da a ke bukata don gyara tudu su ne masu rauni. Akwai kuma wata iska can sama mai ɗauke da lantarki, wadda a ƙasashen tsakiyar duniya irin Nijeriya ta kan rikice bayan faɗuwar rana, ta dama saƙon. Sabo da waɗannan dalilai kuskuren tudu ya kan ninka na wuri sau biyu, wani lokaci har uku. Wayar da ta nuna wuri da kuskuren mita 5 a fili, tana iya kuskuren mita 10 ko 15 a tudu.

Yanzu ga yadda kuskuren tudu ke ture wuri. A ɗaure igiya mai ƙafa 50 a reshen rimi, ƙafa 40 daga ƙasa. Yaro ya ja bakinta har ta miƙe, ya kafa shi a ƙasa: zai tsaya ƙafa 30 daga gindin rimin. In kuwa ya hau katanga mai ƙafa 10 ya ja igiyar nan dai, sai ta kai shi ƙafa 40 daga gindin. Igiya ba ta ƙaru ba, tudu ne ya sāke da ƙafa 10, wuri kuma ya goce da ƙafa 10. Nisan tauraro shi ne igiyar. In na'ura tana cikin rami, ko gindin dutse, ko cikin kurmi, ta kasa jin taurari sai uku, ta kan ɗauki tsawon da ta sani a baya ta ce shi ne na yanzu, don ta rage abin nema. In tsawon nan ba daidai ba ne, sai ta ture wurin da misalin kuskuren, ko fiye in taurarin sun taru a gefe guda, alhali kuwa tana nuna lambobi kamar ba abin da ya faru.

Dalili na uku ya fi ɓuya. Na'ura ba daga teku ta ke ƙidayar tudu ba, daga wata siffa ce ta lissafi, sumul kamar ƙwai, wadda masana suka ƙaga don ta yi kama da duniya. Matsakaicin teku kuwa ba sumul ya ke ba, don nauyin duwatsun cikin ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina. Kudu da Indiya ya faɗa ƙasa da siffar nan da misalin mita 100, wajen tsibirin Sabuwar Gini ya hau bisanta da fiye da mita 70. A yawancin Nijeriya bambancin misalin mita 20 ne da 'yan kai. In ba a cire shi ba, lambar na'ura ba za ta dace da alamar da safiyo ya bari a gada ba. Haka kuma lissafin Minna da na GPS ba tushensu ɗaya ba. A yankin Zamfara, wanda ya ɗauki lambobin waya ya ɗora bisa tsohuwar taswira ba tare da juyawa ba, zai goce gabas ko yamma da misalin mita 80. Mita 80 kuwa ta isa ta cinye gonar talaka ɗungum.

Inda Abin Ya Shafi Rai Da Dukiya

Cikin Maris, 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da a ke kawowa gida a niƙa suna da dalma mai yawa, ƙurarsu ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. An fara aikin sharewa a Dareta da 'Yargalma cikin 2010, aka bi da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru, Bagega kuwa sai cikin 2013. Yadda aka yi shi ne a kankare saman ƙasa misalin santimita 5, a kai ta rami na musamman a binne, a zuba ƙasa mai tsabta. Irin wannan aiki yana bukatar sanin abu biyu. Sai a san gida kaza da rami kaza a ina su ke, don kada bayan shekaru wani ya haƙa rijiya ko ya yanki ƙasar gini a inda aka binne guba. Nan na'urar hannu tana da amfani ƙwarai. Sai kuma a san ina ruwan sama zai kwashi ƙura ya kai, kududdufi ko rijiya. Nan kuwa tazarar taƙi ɗaya ita ke hukunci, na'ura mai kuskuren mita 10 ba ta da ta cewa.

Haka al'amarin ya ke ga ambaliya. Da daminar 2024 ruwa ya ci Gummi, ya rushe gidaje masu yawa, ya kwanta bisa gonaki. Duk wanda zai ce a sake gini a nan, kada a sake a can, da tudu zai yi hukunci. Yawancin taswirorin tudu da a ke samu kyauta sun samo asali ne daga awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi cikin Fabrairu, 2000, wanda aka ƙayyade kuskurensa kada ya wuce mita 16. Wannan ya isa a gane dutse da kwari, amma bai isa a rarrabe unguwa da unguwa a bakin fadama ba, inda mita ɗaya ke raba mai kwana a ɗaki da mai kwana a makaranta.

Ga kuma filayen ma'adinai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa a ke ba da fili da lambobin wuri, an yanka ƙasa gida-gida, ko wane gida misalin hekta 20. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara cikin Afrilu, 2019, saboda rashin zaman lafiya, ta ɗage hanin cikin Disamba, 2024. Duk sa'ad da mai takarda ya zo da lambobinsa ya ce iyakarsa ta biyo ta gonar wani, haƙƙin mai gona ne ya tambaya da wane lissafi aka ɗauki lambobin, na Minna ko na GPS, da wace irin na'ura kuma.

Maganin Kuskuren

Masu safiyo sun sami dabara. Su kan kafa na'ura ɗaya bisa turken da aka riga aka san wurinsa da tsawonsa, su yi yawo da ta biyu. Tun da iska ɗaya saƙon ya ratso ya iske su, kuskuren da ta fari ta gani shi za a cire wa ta biyu. Da haka a kan sami wuri da kuskuren santimita ɗaya ko biyu, tudu kuwa misalin ninkin haka. Daga 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa irin waɗannan tashoshi na dindindin, cikinsu har da Zariya da Katsina da Birnin Kabi. Duk da haka, in aikin lambatu ne ko magudanar ruwa, har yanzu madubi da sanda su a ke komawa. Magina ma da tiyo mai ruwa su ke daidaita harsashi, don ruwan da ke bakin nan da na bakin can ba su saɓa wa juna.

Wanda ya ke da waya kaɗai, ga abin da ya kamata ya kiyaye. Ya tsaya a fili inda sama ta buɗe, nesa da katanga da manyan itatuwa. Ya dakata 'yan mintoci kafin ya rubuta lamba, ya kuma dawo wata rana a wani lokaci ya sake, ya gwada su. Kada ya ɗauki awo daga cikin rami. Kada ya yarda da tsawon da waya ta nuna a kan maganar ruwa. In maganar iyaka ce mai tsada, a nemi safiyo mai lasin, a kira dagaci da maƙwabta su shaida. Turakun siminti na da kuma, da alamun da ke jikin gada, kada a bari yara su farfasa su ko a tone su don neman ƙarfe, gama da su a ke gwada sabon awo a san gaskiyarsa. Tsohon da ya ce ruwan shekara kaza ya kawo gindin giginyar can, a rubuta maganarsa, a sa wa giginyar alama, domin shaidarsa a kan tudu ta fi ta waya ƙarfi.